Bayan Tashin Agbogbloshie: Shin Ganin Tana a Ƙasa Na Nufin Guba Ta Tafi?

Tun da aka rushe kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Agbogbloshie da ke Accra, inda ake ƙona tarkacen kayan lantarki, a farkon watan Yulin 2021, aka kuma kwashe 'yan albasa zuwa Adjen Kotoku, wata magana ta zauna a bakin mutanen Accra: an tashi wurin, abin da ya rage ruwan sama zai wanke. Masu lambu da masu kiwon kaji a zanguna kuma suna da nasu ma'aunin tun na kakanni. In ka sa fartanya ka juyo ƙasa ka ga tana na motsi, ƙasar na da rai. In ba ka gani ba, ta mutu.

To, shin haka ne? Ruwan sama na wanke dalma daga ƙasa? Kuma in tana ta zauna a wuri, shi ke nan za a iya shuka latas a saki kaji, yara su yi wasa hankali kwance? Amsar tambayar farko gajera ce: ba ya wankewa. Ta biyun ce ke buƙatar a zauna, domin ma'aunin na kakanni yana da gaskiya a wani ɓangare, a wani kuma yakan yaudari mai shi.

Waɗanne ƙarafa ne, ta ina suka shiga ƙasa?

Idan masana suka ce "ƙarafa masu nauyi", suna nufin irin su dalma, kadmiyam, zaiba, tagulla, zinki da kuromiyam, akan kuma haɗa da arsenik. Jikin ɗan Adam na buƙatar ɗan kaɗan na tagulla da zinki, sai sun yi yawa suke zama illa. Dalma da kadmiyam da zaiba kuwa ba su da wani amfani a jiki ko kaɗan. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba sa ruɓewa. Ɓawon rogo na ruɓewa, baƙin mai ma ƙwayoyin halitta na cin sa a hankali, amma dalma dalma ce har abada. Iyakarta ta canza wurin zama. Takan manne wa laka da ruɓaɓɓen ganye a saman ƙasa, ta yi ɗaruruwan shekaru a nan.

Wanda ya taɓa tsayawa inda ake ƙona waya ya san yadda abin yake. A tara wayoyin lantarki dunƙule guda, a sa tsohuwar taya ko soson cikin firij a matsayin makamashi, a cinna wuta. Yaro na juya dunƙulen da dogon ƙarfe har robar ta cinye, sannan a kwara ruwa, a kakkaɓe tagullar a kai sikeli. Tagullar ta tafi kasuwa. Tokar kuwa tana nan inda aka bar ta, kuma a cikinta akwai dalmar da ake sa wa robar waya, da zinkin taya, da ɓurɓushin tagullar kanta. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi na ɗauke da dalma. Ƙananan batura masu caji na da suna da kadmiyam, dogayen ƙwayayen fitila kuma zaiba. Batirin mota ya fi su duka: a fasa shi da adda, a tuttular da ruwan a ƙasa, a zare farantan dalmar.

A 2013 ƙungiyar Blacksmith Institute, wadda yanzu ake kira Pure Earth, tare da Green Cross ta Suwizalan, sun sa Agbogbloshie cikin wurare goma mafiya guba a duniya. A rahoton an ambaci samfurin ƙasa da aka samu dalma har miligiram 18,125 a kilo guda. Wato giram goma sha takwas na dalma a kowane kilo na ƙasa. Iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin miligiram 400 ce a kilo, kuma a 2024 ta rage ma'aunin nata na unguwannin zama zuwa 200.

Kada kuma a ɗauka Agbogbloshie ce kaɗai. Duk garejin da ake zubar da baƙin mai da ruwan batir, duk inda ake narka ƙarfe ana zuba tukwane, da gefen manyan tituna inda hayaƙin fetur mai dalma ya sauka shekara da shekaru kafin Ghana ta daina sayar da shi a wajajen 2004, duk suna da nasu kason. A Kumasi akwai Suame Magazine, unguwar makanikai, da Dagomba Line ta masu tsofaffin ƙarafa. A yankunan zinariya akwai zaibar 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da arsenik ɗin da ke fitowa daga dutsen zinariyar Obuasi.

Me ya sa aka damu da tana?

Da safiyar damina, in ka duba ƙarƙashin bishiyar mangwaro inda ba a cika takawa ba, za ka ga wasu 'yan tsirarun ƙasa a tsaye kamar an murza su da hannu. Kashin tana ne. Ƙasa ce da ta bi ta cikin hanjinta ta fito a niƙe, haɗe da ruɓaɓɓen ganye, kuma ta fi ƙasar da ke kewaye da ita sinadaran da shuka ke iya sha nan take. Ramukan da take haƙawa su ne hanyar ruwa da iska da saiwa. Wani nazari da aka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa aikin tana na da hannu a kusan kashi 6.5 cikin ɗari na hatsin da duniya ke nomawa, a Afirka kudu da Sahara kuma kason ya kai kusan kashi 10, saboda yawancin manomanmu ba su da ƙarfin sayen takin zamani.

Ba iri ɗaya ba ce kuma. Akwai mai zama a sama cikin shara da taki, irin babbar nan ta Afirka ta Yamma da masana ke kira Eudrilus eugeniae, wadda ake kiwo don yin taki. Akwai mai zama cikin ƙasar kanta, ba ta cika fitowa ba, abincinta ƙasa. Akwai mai haƙa rami mai zurfi ta riƙa jan ganye zuwa ciki. Wannan bambancin zai yi mana amfani nan gaba.

Yadda guba ke kama ta

Tana ba ta da huhu. Da fatarta take numfashi, shi ya sa kullum jikinta a jiƙe yake. Duk abin da ya narke a ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa yana ratsa wannan fata kai tsaye. Ga kuma baki: wasu nau'o'in sukan haɗiyi ƙasar da ta ninka nauyin jikinsu sau da yawa a yini. Ke nan ta waje tana sha, ta ciki tana sha. Babu wata halitta a lambu da ke cuɗanya da ƙasa haka, dalilin da ya sa tun 1984 aka amince da ita a matsayin dabbar gwajin guba a ɗakunan bincike.

Abin da mutane suka fi tsammani shi ne a ga tana ta mutu. Amma mutuwa ita ce matakin ƙarshe, kuma kafin a kai can an riga an yi ɓarna mai yawa. Farko takan gudu, in akwai wurin gudu. In babu, sai girmanta ya ragu, ta daɗe ba ta balaga ba. Sannan ƙwan da take ajiyewa ya ragu, wanda aka ajiye ma ba duka ke ƙyanƙyashewa ba.

Wani gwaji da masana a Jami'ar Reading ta Ingila suka buga a 1994 ya nuna tazarar da ke tsakanin matakan nan. Don a kashe rabin tanar cikin mako biyu, sai da tagulla ta kai kusan miligiram 680 a kilon ƙasa. Amma miligiram 50 da 'yan kai sun isa su rage ƙwanta da rabi. Ka ga ke nan ƙasa na iya ɗaukar tagullar da ba za ta kashe tana ko ɗaya ba, amma ta yanke mata zuri'a. Kamar gidan da aka daina haihuwa ne: tsofaffin na nan ana gaisawa da su kullum, mai wucewa ba zai ga komai ba, sai bayan shekaru a tarar babu kowa. Mai lambun da ya juya ƙasa bana ya ga manyan tana uku ya yi murna, bai lura babu ƙanana ba.

A gwajin dai, dalma sai da ta haura miligiram 4,000 kafin ta kashe rabi, kuma sai ta kusa 2,000 take rage ƙwai da rabi. A riƙe wannan adadi, a ɗora shi kusa da 400 ko 200 ɗin da aka sa wa wurin wasan yara. A nan gizo ke saƙar. Ƙasar da ta ninka iyakar yara sau uku ko huɗu, tana za ta zauna a cikinta ta hayayyafa. Ƙarafan da suka fi cutar da ita, tagulla da zinki, ba su ne suka fi cutar da mu ba. Wanda ya fi cutar da 'ya'yanmu kuwa, ita tana iya jure masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya illa, kuma Bahaushe bai manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a 2010.

Abin da aka gani a kusa da masana'antu

Wurin da aka fi nazarin wannan lamari a fili shi ne Avonmouth, kusa da Bristol a Ingila, inda wata masana'antar narka zinki da dalma ta yi shekaru tana aiki har aka rufe ta a 2003. Masu bincike sun bi layi daga bakin masana'antar zuwa nesa suna haƙa suna ƙirga. Dab da ita babu tana sam. In aka matsa kaɗan sai a fara samun nau'o'i biyu ko uku masu taurin rai. Sai an yi nisa sosai ake samun cikakken taro. Waɗanda suka fara ɓacewa su ne masu zama cikin ƙasa suna cin ta. A dazukan kusa da wurin kuma busasshen ganye ya taru ya yi kauri a ƙasa, domin masu cin sa da masu binne shi sun ƙare. Binciken ya fi ɗora alhakin a kan zinki.

Mu ma muna da abin dubawa a nan gida. An daɗe da sanin cewa gonakin 'ya'yan itace da aka shekara ana fesa musu maganin fumfuna mai tagulla a Turai da Ostareliya sukan rasa tana. Irin wannan maganin ne manoman koko ke fesawa don cutar baƙin kwanso, kuma tagullar da ta sauka bara ba ta je ko'ina ba kafin ta bana ta same ta.

Sai dai ga wani abin mamaki. A tsofaffin ma'adinan dalma na Wales, da wani tsohon ma'adinin arsenik a Devon, an samu tana zaune lafiya a ƙasar da za ta kashe 'yar'uwarta da aka kawo daga wuri mai tsabta. Yadda take yi shi ne akwai wani nama mai ruwan ɗorawa da ya lulluɓe hanjinta, a nan take tara dalma ta daskarar da ita cikin 'yan ƙwayoyi. Kadmiyam kuma tana da wani furotin da ke kama shi ya ɗaure. Ba fitar da gubar take yi ba, ajiye ta take yi. Kadmiyam musamman yakan taru a jikinta har ya ninka na ƙasar da take ciki sau da dama.

Tsamin ƙasa

Ƙasa biyu na iya ɗaukar dalma daidai wa daida, ɗaya ta kashe tana, ɗaya ta bar ta. Bambancin shi ne nawa ne ya narke. Ƙasa mai laka da taki takan riƙe ƙarfen gam. Mai rairayi ba ta da abin riƙewa. Tsami kuma shi ke kwance abin da aka ɗaure. Shi ya sa wurin fasa batir ya fi ko'ina muni: ruwan batir tsami ne zalla, ya zo da dalmar, ya kuma buɗe mata hanya.

A nan ne maganar ruwan sama ta faɗi. Abin da ruwa ke ɗauka ba ɓacewa yake yi ba. Yakan kwashi toka da laka ya zuba a kogin Odaw, Odaw ta kai tafkin Korle, Korle ta kai teku. In kuma aka yi ambaliya, kamar yadda Accra ta saba gani a watan Yuni, lakar ta koma cikin gidaje da lambunan bakin kwata.

Daga tana zuwa kaza, daga kaza zuwa kwano

Wa ke cin tana? Kaza, agwagwa, zabo, kwaɗo, jaɓa, bushiya, tsuntsaye, sai kifin da aka kama da ita a ƙugiya. A yankin Kempen na ƙasar Holan, inda masana'antun zinki suka gurɓata ƙasa, an samu kadmiyam mai yawa a ƙoda da hantar ƙananan dabbobin da ke rayuwa a kan tana, fiye da na masu cin ciyawa a wuri guda.

Kazar gida da ke yawo a unguwa ita ce ta fi shafar mu. Tana tonon ƙasa duk yini, ta haɗiyi tsakuwa da toka da tana. A 2019 ƙungiyoyin kare muhalli na IPEN da Basel Action Network sun gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, suka ce babban mutum da ya ci ƙwai ɗaya ya wuce iyakar dayoksin da hukumar abinci ta Turai ta yarda da ita a yini har sau 220. Dayoksin ba ƙarfe ba ne, daga ƙona roba yake samuwa, amma hanyar da ya bi ya shiga ƙwan ita ce dai hanyar da dalma ke bi. Mu kuma a zango ƙwan gida muke ɗauka ya fi na gona lafiya, shi muke ajiye wa yaro da mai jego.

Shin tana ba za ta iya tsabtace ƙasar ba?

Akan ji wannan shawara, musamman daga matasa masu sha'awar kiwon tana: tunda tana tara ƙarfe a jikinta, a zuba ta a gurɓataccen wuri ta tsotse. A ganina an fi ƙarfin gaskiya a nan. Tanar da ta tara kadmiyam in ta mutu a wurin, kadmiyam ɗin ya koma inda ya fito. Sai an bi an tsince ta ɗaya bayan ɗaya, sannan a nemi inda za a kai ta. Abin da take ɗauka ma ɗan kaɗan ne in aka gwada da abin da ke ƙasar. Bugu da ƙari, nazarce-nazarce da dama sun nuna ƙasar da ta bi ta hanjinta takan fito da ƙarfen a narke fiye da yadda ya shiga, wanda ke sauƙaƙa wa shuka sha. Amfaninta na gaskiya yana zuwa ne bayan an yi aikin gyara: an kwashe ƙasar sama ko an rufe ta da sabuwa, an sa farar ƙasa da taki, sannan ita ta zo ta mayar wa wurin rai.

Ɓangarorin da ke jayayya

Hukumomin yankin Accra, ƙarƙashin ministan yankin na lokacin Henry Quartey, sun kafa hujjar rushe kasuwar da cunkoso da ƙazanta da lafiyar jama'a. Babu mai musun cewa wurin ya yi muni. Masu sana'ar kuwa, galibinsu matasa ne daga arewacin Ghana da maƙwabtan ƙasashe, suna cewa abincinsu ke nan, kuma su ne ke kwashe wa birnin tarkacen da babu mai kwashewa. Wannan ma gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa miƙa wa ɗan kondem, mai yawon sayen tarkacen ƙarfe, mataccen firij ya karɓi 'yan sidi yana cikin cinikin.

Akwai kuma masu ɗora laifin duka a kan Turawa. Lallai ana shigo da tarkace, duk da yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe. Amma wani binciken da aka yi ƙarƙashin yarjejeniyar ya nuna cewa cikin tan 215,000 na kayan lantarki da suka shigo Ghana a 2009, kashi 70 na hannu ne, kuma mafi yawansu suna aiki ko ana iya gyara su. Wato yawancin abin da ke ƙarewa a bola, a ɗakunanmu ya gama rayuwarsa.

Doka tana nan: Dokar 917 ta 2016 kan shara mai haɗari da ta kayan lantarki. An kuma gwada hanyoyi masu ma'ana, kamar injinan feɗe waya da aka kawo wurin a 2014, da tsarin sayen waya daga hannun yara kafin su ƙona ta. Abin da rushewar ta yi shi ne watsa sana'ar. Da ana ƙonawa a wuri guda da kowa ya sani, yanzu ƙananan wurare sun bazu cikin unguwanni, wasu a bayan gidajen mutane. Tsugune ba ta ƙare ba. Tsohuwar ƙasar na nan da gubarta, ga sababbi ana yi.

Me ya rage wa mai lambu da mai kaji?

Rashin tana shi kaɗai ba hujja ba ne. Da rani takan nutse ƙasa ta naɗe ta jira ruwa. Ƙasa mai rairayi irin ta bakin teku dama ba ta da ita sosai, kuma maganin ƙwari da yawan taka wuri na korar ta. Amma in damina ta yi nisa, ƙasa na da laima da taki, lambun maƙwabci cike da kashin tana naka babu, ga ganye na taruwa ba ya ruɓewa, to akwai abin tambaya.

Masana na da wani gwaji mai sauƙi da mutum zai iya kwaikwaya. A raba akwati biyu, gefe guda ƙasar da aka yarda da ita, ɗaya gefen wadda ake zargi, laimarsu ɗaya. A cire abin da ya raba su, a ajiye tana goma a tsakiya, a rufe da murfi mai huda a bar su kwana biyu. In fiye da takwas suka koma gefe mai kyau, ɗayar ƙasar na da matsala. In suka rarrabu, abin da aka sani kawai shi ne ƙasar ba ta dami tana ba. Maganar dalma sai ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Ƙasa ta hukumar binciken kimiyya ta Ghana (CSIR) da ke Kwadaso a Kumasi, ko na hukumar makamashin nukiliya da ke Kwabenya. Masu lambu da ke da ƙungiya za su fi samun sauƙi in suka haɗa kuɗi suka kai samfuri tare.

Kafin nan, tarihin fili ya fi komai. A tambayi dattawan unguwa me ake yi a wurin shekaru ashirin baya. In gareji ne, ko wurin batir, ko bola, a yi shuka a buhu ko akwati da ƙasar da aka kawo daga wani wuri. A nan ma sai an yi hattara da baƙar ƙasar da ake sayarwa a buhu ko a tifa, domin sau da yawa daga tsohuwar bola ake haƙo ta, kuma baƙinta da tanar da ke cikinta su ne ke sa mai saye ya saki jiki. Tokar itace da farar ƙasa na rage tsami, amma tokar bola ƙara guba take yi. Latas da alayyafo sun fi tumatir da kuɓewa jan kadmiyam. Wanke ganye na cire ƙurar da ta manne masa, wadda ita ce ke ɗauke da yawancin dalmar, amma ba ya cire abin da saiwa ta riga ta sha. Kajin da ke kusa da inda ake ƙona waya ko fasa batir kuma a killace su a keji mai daɓe, a riƙa kai musu abinci da ruwa a kwano.